Hoton Ciki a Hannun Ma'aikaciyar Ƙauye: Nazarin Abin da Ya Faru a Wani Ƙaramin Asibiti a Gefen Epe

Wanda iyakar saninsa da Legas daga Agege zuwa Idi Araba ne, in ka ce masa akwai ƙauye a jihar sai ya ɗauka ba'a kake yi. Amma da zarar ka wuce Ikorodu ka miƙa hanyar Epe, ko ka bi ta Lekki ka zarce Ibeju, benaye sun ƙare, sai gonakin rogo da rafuka da garuruwan da wasunsu ba a shigarsu sai a kwalekwale. A 'yan shekarun nan Hausawa sun ƙaru a wannan ɓangare. Wasu aikin matatar man Ɗangote ne ya kawo su, wadda aka ƙaddamar a 2023. Wasu masu lambu ne da masu kiwo da suka daɗe. Wasu kuma 'yan acaɓa ne da dokar hana haya da babur ta 2022 ta koro daga Ikeja da Surulere da Apapa, suka nemi inda ba a kama su. Da namiji ya samu ɗaki sai ya aika a kawo masa iyali, kuma matan nan su ne suke cika barandar ƙaramin asibitin da wannan nazari ya shafa.

Asibitin na matakin farko ne, irin wanda muke kira sha-ka-tafi: ɗakin awo, ɗakin haihuwa, wurin ajiye alluran rigakafi. Babu likita. Akwai ungozomar asibiti Bayarabiya wadda ita ce babba, sai jami'an lafiyar al'umma, waɗanda a bakin ma'aikata ake ce wa CHEW. Ɗaya daga cikinsu haifaffiyar Agege ce, iyayenta Kanawa, Hausa a gida Yarbanci a titi, shi ya sa duk matar zango da ta zo wurinta take nufa. Sista suke ce mata, da haka zan kira ta a nan. Ni kuwa ɗaukar hoton ciki ne aikina a wani asibiti a cikin gari, kuma ina cikin waɗanda suka koya mata. Sunan garin da na mutanen na bar su, don magana ce da ta shafi sirrin mata.

Dalilin da ya sa aka fara

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawarwarinta kan awon ciki. Ta ce mace ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, kuma a yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24, don a san kwanakinsa, a gano tagwaye da wuri, a kuma rage matan da ake tayar wa naƙuda bisa zaton lokaci ya wuce alhali lissafi ne ya kuskure. A takarda abin ba wuya. Amma a ƙasar da ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kusan 82,000 ne suka mutu sanadin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, wa zai riƙe na'urar a inda babu likita?

A wannan gari mai son sikanin sai ta shiga mota zuwa cikin Epe ko Ikorodu, ta biya kuɗin mota, ta biya na hoto, ta bar yara da tukunya yini guda. Saboda haka ba a zuwa sai an ga jini, ko ciki ya tsufa ana son jin namiji ne ko mace. Ga kuma abin da duk wanda ya yi aiki da matanmu ya sani. Ka tambayi mace yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, sai ta ce maka wajen ƙaramar salla, ko ta ce tun tana goyon wannan ba ta sake gani ba. Mai cikin fari kuwa kunya ba ta barinta ta faɗa sai ciki ya faɗi kansa. Hoton da aka ɗauka a watanni uku na farko yana ba da kwanakin ciki da kuskuren da bai cika wuce mako guda ba. In aka bari sai watannin ƙarshe, kuskuren yana iya kai mako uku, ko gaba ko baya, kuma mako uku ya isa ya sa a ɗauki bakwaini a matsayin ɗan da ya cika watanninsa.

Abin da ya sa maganar ta yiwu yanzu shi ne na'urar ta ƙanƙance. Tun bayan da likita Ian Donald da abokan aikinsa suka wallafa aikinsu kan hoton ciki a Glasgow a 1958, an yi shekaru da yawa injin hoton ciki ƙato ne mai son ɗaki da tsayayyiyar wuta. Yanzu akwai irin su Butterfly iQ da Philips Lumify da ake riƙewa a tafin hannu, a jona su da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu. A 2022 Gidauniyar Gates ta ba da kuɗin raba irin na Butterfly guda 1,000 a Kenya da Afirka ta Kudu ga ma'aikatan lafiyar da ba likitoci ba. Tamu dai guda ɗaya ce, wasu 'yan kasuwar arewa mazauna Legas suka haɗa kuɗi suka saya.

Abin da aka koya da abin da aka hana

Mako biyu aka yi ana koyarwa, kuma tun ranar farko an gaya wa ɗaliban cewa ba ƙwararrun masu hoto za a mayar da su ba. Tambayoyi shida kawai za su riƙa yi wa kowane ciki. Ɗa ya juya kai ƙasa ne, a zaune yake, ko ya gicciye? Zuciyarsa tana bugawa? Ɗaya ne ko sun fi? Ruwan da yake kwance a ciki ya isa, ya yi kaɗan, ko ya yi yawa? A ina mabiyiya ta kama? Sai awon kai da ciki da ƙashin cinya don a fitar da kwanaki.

Karatun allo bai ci fiye da safiya ɗaya ba. Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke cikin jiki ya dawo, ita kuma ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Ruwa yana fitowa baƙi, ƙashi yana fitowa fari da inuwa a bayansa. Iska ce ke tare sautin, shi ya sa ake shafa jel tsakanin kan na'urar da fata. Kuma babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, abin da aka dinga nanata wa ɗaliban don su nanata wa mata, saboda akwai masu cewa hoto yana ƙona ɗa ko yana sa shi ramewa. Sai 'yan alƙaluman da za a haddace: bugun zuciyar ɗa tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, zurfin ruwa a inda ya fi taruwa tsakanin santimita 2 da 8, sannan mabiyiyar da ta matso bakin mahaifa har ƙasa da santimita 2 abin rubutawa ce a kati.

Wahalar duk a hannu take. Sabon ɗalibi hannunsa yake kallo, ba allo ba. Yana tsoron danna ciki, sai ya riƙe na'urar sama-sama hoto ya fito duhu. Ya juya ta bai sani ba, dama ta koma hagu, ya ce ɗa ya kwanta ta inda bai kwanta ba. Abin da ya fi ba mu dariya, kuma kusan kowa sai ya yi shi, shi ne ya ga kai, ya zame gefe ya karkatar da hannu, ya sake ganin kan nan dai ta wata kusurwa, sai ka ji ya ce tagwaye. Sista ma ta yi, har da kabbara. Akasin wannan ne ya fi haɗari: a ga ɗa ɗaya a tsaya, alhali ɗan'uwansa yana can sama a ƙarƙashin haƙarƙari. Maganin duka biyun ɗaya ne, a bi ciki layi-layi tun daga mara har sama, na'ura a tsaye cak, ba a tsallake ko'ina. A nan na lura da wani abu. Waɗanda suka daɗe suna taɓa ciki da hannu suna gane kwanciyar ɗa sun fi saurin kamawa, ko da ba su taɓa riƙe kwamfuta ba. Masu ƙwarewa da waya sun fi su saurin danna maɓallai, amma ba su san abin da suke nema ba.

An hana su abu uku. Ba za su faɗi namiji ne ko mace ba. Ba za su sa wa wata naƙasa suna ba, in sun ga abin da bai yi kama da wanda suka saba gani ba sai su turo hoton su tura matar. Na uku, wanda ya fi wuyar kiyayewa, ba za su taɓa ce wa mace komai lafiya ba. Abin da za su ce shi ne, abubuwa shida da na duba ban ga matsala ba. Mai jin wannan zai ce wasa da baki ne, amma mace ta ji an ce komai lafiya, ta koma gida ba ta sake zuwa awo ba, ran da abu ya faru kuwa ba na'urar za a zaga ba.

Ba kowa ne ya so wannan aiki ba, kuma waɗanda suka fi ƙin sa abokan sana'ata ne. Suna cewa mu mun yi shekaru a jami'a, akwai hukumar da aka kafa tun 1987 don yi wa masu ɗaukar hoton asibiti rajista, sannan a wayi gari a ba wa wanda ya yi mako biyu na'ura? Legas dama cike take da shagunan sikanin da babu wanda ya san inda mai shagon ya koya. Hujjarsu tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai tun 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin sauke wasu ayyukan likitoci da nas-nas a hannun ƙananan ma'aikata, har CHEW suka fara saka robar tazarar haihuwa a dantse, saboda an yarda cewa ƙwararru ba su isa ba kuma ba za su isa nan kusa ba. A cikin masu ƙorafin babu wanda ya ce a tura shi gefen Epe ya zauna. A ganina abin da ya raba Sista da mai shagon sikanin ba takarda ba ce, iyaka ce da aka shata mata, da kuma wanda yake duba aikinta a baya.

Akwai wani bincike da ya kamata duk mai ɗokin wannan aiki ya sani. An yi shi a Kwango da Kenya da Zambiya da Pakistan da Guatemala, ana kiransa First Look, aka wallafa sakamakonsa a 2018. An koya wa ma'aikatan karkara hoton ciki na mako biyu, aka bi su da sa ido, suka iya aikin sosai. Aka bibiyi haihuwa sama da 40,000, rabi a yankunan da ake hoto rabi a inda ba a yi. Da aka zo lissafi, mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba, zuwa awo da haihuwa a asibiti ma ba su ƙaru ba. Hoto ya ga matsala, amma asibitin da za a tura matar babu jini, ko babu mai tiyata da dare, ko ita matar ba ta je ba. Da wannan a ranmu muka sallami ɗaliban.

Watannin da suka biyo baya

Sharaɗin shi ne duk hoton da Sista ta ɗauka za ta turo guntayen bidiyonsa ta WhatsApp, babu suna sai lambar kati, mu duba mu mayar mata da gyara. A farko gyaran ya yi yawa, musamman a awon kai, inda take yanka shi a karkace sai kwanaki su ƙaru. A hankali ya ragu. Da aka yi wani ɗan lokaci na'urar tana ajiye saboda igiyar cajinta ta lalace, da ta dawo aiki sai muka ga hannun ya koma baya. Mako biyu na aji ba su ne suka koya mata hoto ba, watannin gyaran nan ne.

Ƙananan matsaloli ba su ƙare ba. Wuta sai an yi sa'a, caji a shagon mai cajin waya. Jel ya ƙare, aka koma dama garin sitaci a tafasa a bar shi ya huce, dabarar da aka gwada a wasu ƙasashe aka ga tana ba da hoto mai kyau, illarta kawai ba ya kwana biyu sai ya lalace.

Babbar matsalar daga wurin matan ta zo. Da labari ya bazu a zango cewa ana ganin ɗa a talabijin kyauta, baranda ta cika, har da waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba. Amma hoton kawai suke so. A ce a gwada jini, a gwada fitsari, a auna hawan jini, sai ka ji an bar tukunya a wuta. Hoto kuwa ba ya ganin hawan jinin da ke kawo jijjiga, ba ya ganin ƙarancin jini, ba ya ganin zazzaɓin cizon sauro. Ungozomar asibitin ce ta yi maganin abin, ta ce babu wadda za ta hau gadon hoto sai katinta ya nuna an gama sauran awon. Tambayar namiji ko mace kuwa Sista ta yi ta shan ta, wani lokaci da ɗari biyar a dunƙule a hannu. Amsarta ɗaya ce, wannan ba a koya mata ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Matar ɗan acaɓa

Yarinya ce ƙarama daga wani ƙauye a yankin Funtuwa, mijinta yana haya da babur. Ta taɓa yin ɓari aka yi mata wankin ciki, don haka wannan ne cikin da ake sa ran zai ba ta ɗan fari. Maƙwabciyarta ce ta rako ta, ciki yana wajen mako 22. Sista ta bi tambayoyinta shida, biyar suka wuce lafiya, a ta mabiyiya ta tsaya. Ta gan ta can ƙasa, kamar ta rufe bakin mahaifa. Ta tuna an ce mata mafitsarar da ta cika maƙil tana matse ƙasan mahaifa ta nuna abin da babu, sai ta sa yarinyar ta je ta rage fitsari ta dawo. Hoton bai canja ba. Ta turo mana.

Amsar da muka ba ta ita ce ta rubuta a kati, ta sa mata ranar dawowa a mako 32, kada ta tsorata ta. A wannan lokaci na ciki, mabiyiyar da aka gani a ƙasa, kusan tara cikin goma takan yi nisa da bakin mahaifa in mahaifar ta girma. Sista ta ce mata: "Ƙanwata, zuciyar ɗanki tana bugawa daidai. Mabiyiya ce ta zauna ƙasa, kuma yawanci tana hawa da kanta. Amma in kika ga jini ko ɗigo ne, ko babu ciwo, ko tsakar dare ne, ki taho. Kada ki bari kowa ya sa miki hannu."

Ranar dawowa ta zo ta wuce, ba ta zo ba. Abin da Sista ta yi a nan babu shi a cikin karatun da muka yi mata. Ta tashi daga aiki ta shiga zango wurin tsohuwar ungozomar gargajiya da kowa ke kira Inna, wadda yawancin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi. Inna ta ce ai ana ɗaura kaya, ranar Asabar za a sa ta a mota ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Washegari Inna da kanta ta riƙo hannunta zuwa asibiti. Mabiyiya tana nan, ta rufe bakin mahaifa ruf, ɗan kuma ya gicciye, don kansa bai samu inda zai sauka ba. Muna ganin bidiyon muka ce a tura ta babban asibiti, kuma kada ta hau motar arewa.

Mijin ya zo da yamma, hular kwano a hannu. Ya ce: "Sista, ai lafiyarta ƙalau, tana girki tana wanki. Kuma mahaifiyarta tana can tana jira. Ɗan fari a haife shi a bariki, me za a ce da ni a gida?" Sista ba ta yi masa wa'azi ba, ta juya masa allon. "Malam, ga kan ɗanka nan a gefe. Ga ƙofar da zai fito, ga mabiyiya ta tare ta. Ran da ƙofar nan ta fara buɗewa jini ne zai riga shi fitowa, kuma ba ya sallama. Tafiyar yini da kwana ce. In ya same ta tsakanin Jebba da Mokwa cikin dare, wa zai nemo mata jini?" Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce shi ba zai iya gaya wa surukarsa ba.

Inna ce ta karɓi wayar, don magana irin wannan ba ta yaro ba ce. Ta ce wa uwar yarinyar: "Hajiya, ni ma ungozoma ce, na tsufa a kan wannan aiki. Wannan haihuwa ba ta hannunmu ba ce." Aka yi ta kai da kawowa, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa ita uwar ce za ta taho Legas ta yi wa 'yarta wankan jego a nan.

Da an ce a nan aiki ya ƙare, da an yi kuskure, don a babban asibitin ne abin ya kusa lalacewa. Wanda ya karɓi takardar Sista ya duba ya ga CHEW ce ta sa hannu, ya ajiye ta gefe, ya ce a je a yi sabon hoto. Neman sabon hoto daidai ne, mu ma da mu ne haka za mu yi, don ba a yanka mace a kan hoton na'urar hannu. Amma ba wanda ya karanta abin da takardar ta ce, sai aka sa ta a layin kowa da kowa, aka ba ta rana mai nisa, ga kuɗi, ga bayani da Turanci da Yarbanci wanda ba ta ji ko ɗaya. Da aka yi wa mijin maganar jini sai ya harzuƙa, don ya ji ana cewa kotu ta hana. Gaskiya ne a 2020 wata babbar kotun jihar Legas ta haramta tilasta wa miji ba da jini kafin a karɓi matarsa awo, amma wannan daban, matarsa ce da kanta za ta buƙaci jinin. Suka dawo gida a kan ba za su koma ba.

Sista ta kira wata ungozomar asibiti da suka yi makaranta tare, ita kuma ta kai maganar gaban likitan mata, aka matso da ranar. Hoton ƙwararru ya tabbatar da abin da ta gani. Limamin zango ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, 'yan acaɓa abokan mijin suka je suka ba da jini. Aka sa ranar tiyata wajen mako 37, aka kuma mayar da yarinyar gidan kawunta a cikin gari, kusa da asibitin.

Ba ta kai ranar ba. Tana wajen mako 35 ta farka cikin dare ta ga zaninta ya jiƙe da jini, babu ciwo ko kaɗan. Cikin ɗan lokaci tana asibiti, katinta yana ɗauke da komai, jininta yana ajiye. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini, aka ciro namiji ɗan ƙarami da ya yi kwanaki a ɗakin jarirai kafin a sallame su. Mijin ya ci bashin kuɗin tiyata a wurin ƙungiyarsu ta masu babur, yana biya da kaɗan-kaɗan.

A cikin watannin nan dai akwai wata mata, uwar 'ya'ya biyar, da Sista ta ga tagwaye a cikinta, na biyun a gicciye. Hoton daidai yake, mun duba mun tabbatar, an rubuta mata takarda. Ta ce biyar ta haifa a ɗaki ba wanda ya taɓa yanka ta, mijinta kuma yana arewa wurin noma, babu mai ba ta izini. Ta haihu a gida, na farkon ya rayu, na biyun kafin a samo mota ya rasu.

Abin da ya raba matan biyu

Na'ura ɗaya ce, hannu ɗaya ne, kuma duka hotunan biyu babu kuskure a cikinsu. A wurin ta farko an samu wadda ta lura ba ta dawo ba ta bi ta gida, an samu tsohuwar da uwa za ta saurara, an samu sanayya a babban asibiti, da jini, da ɗakin kwana kusa da wurin tiyata. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin jadawalin mako biyun da muka tsara, kuma rabinsu sa'a ce. Da ƙawar Sista ba ta aiki a asibitin nan, da takardar tana nan inda aka ajiye ta. A wurin ta biyu an tsaya a rubuta takarda. Ba a nemi mijin a waya ba, ba a sa Inna a maganar da wuri ba, saboda ana ganin uwar biyar ta san abin da take yi.

Saboda haka aka sauya wasu abubuwa. Yanzu duk matar da hoto ya nuna matsala, sunanta yana shiga wani littafi daban, kuma ba a rufe shafinta sai an tabbatar ta isa babban asibiti. Ana neman mijin tun a ranar, ko yana Legas ko yana gona. Ungozomomin gargajiya ana gayyatarsu su zauna a ga hoton tare da su, kuma tun da Inna ta ga mabiyiya a allo ita ce ta fi kowa turo mata. An zauna da likitocin babban asibitin aka yarda a kan gajeriyar takarda mai jan layi, wadda ke nuna cewa ƙwararre ya riga ya duba hoton, don kada a sa mai ita a layin kowa da kowa. Takardar tana aiki in aka tarar da waɗanda aka zauna da su, in sababbi ne a bakin aiki sai an sake bayani.

Abu biyu ne ba a warware ba. An yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa wani asibiti a wata ƙaramar hukuma, kamar yadda ake yi wa kowane ma'aikacin gwamnati, na'urar kuma ta asibitin ce ba tata ba. Ungozomar asibitin ta iya hoton amma ba ta jin Hausa, yarinyar da ake koya wa yanzu tana jin Hausa amma hannunta bai faɗa ba, don haka su biyu suke tsayawa a kan kowace mace. Sannan duba bidiyon da ake turowa har yau kyauta muke yin sa, da dare bayan mun tashi daga namu aikin. 'Yan kasuwar da suka sayi na'urar sun ce a shirye suke su sayi ta biyu don wani gari a hanyar Badagry. Da aka ce musu a maimakon haka su ɗauki nauyin mai duba hotuna na shekara guda da kuɗin motar kai mata babban asibiti, sun ce za su yi shawara.